Tsaunin Tufafin Jiya

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya gudanar da koguna a bayanta, ya bar wa tsoho sauran numfashi don ya faɗi abin da idonsa ya gani. Ni ne Malam Tanimu, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a hanya yana tambayar abin da bai shafe shi ba. Sai dai ku yi mini uzuri tun daga farko, domin bakin wannan labari ya zube mini. Na san na shiga jirgin ruwa, na san na sauka a wata gaɓa mai jan yashi, amma abin da ke tsakani ya tafi kamar rubutun da aka wanke daga allo. Har sunan ƙasar ban riƙe ba. Abin da ya rage shi zan ba ku, inda na manta kuma zan ce na manta.

A wannan ƙasa na tarar da wani kogi da ya ƙanƙance har ya koma kamar kwata. Da safe na ga ruwansa shuɗi, da la'asar ya koma ruwan goro, washegari ya wayi gari ja. Ni kuwa ba na iya wuce irin wannan. Na bi gaɓarsa har na isa wani ƙauyen masunta da ake kira Tungar Goriba, inda na ga jiragen kwale-kwale a kife kan busasshen taɓo, kaji suna kwana a ƙarƙashinsu.

Wata tsohuwa ce zaune a gindin goriba tana ɗinkin taru. Sunanta Ladingo. Ƙarama ce, baƙa, mai kaifin ido da kaifin harshe.

"Sannu da aiki, Inna," na ce.

"Yawwa, Malam. In ruwan sha kake so, jira ya kwanta a randa. In kifi kake so, ka makara da shekaru."

"Tambaya kawai gare ni. Wa ke rina kogin nan?"

Ta ajiye tarun ta dube ni daga rawani har takalmi. "Ka taho daga wata duniya don ka tambayi wannan? Mu da muke shansa mun gaji da tambaya."

Ta nuna mini arewa da leɓe. Can nesa akwai wani tsauni mai launi-launi tsakanin duwatsu biyu, a bisa ɗaya daga cikin duwatsun kuma ga ganuwar wani babban birni, wanda su ke kira Birnin Bisa. Ta ce tsaunin nan ba dutse ba ne, tufafi ne. Mutanen birnin ba sa maimaita riga. Kowace faɗuwar rana sai su jefo kayan da suka wuni da su cikin kwarin da kogi ke bi, har kwarin ya toshe. Abin da ke isowa ƙauye shi ne ɗan abin da ya tsiyayo ta cikin tsummoki.

"To sauran ruwan fa?" na ce.

"Yana kwance a baya yana jiranmu. Shamuwa ta riga ta iso, Malam, damina na bakin ƙofa. Dattawanmu sun ce bana tarin ba zai riƙe ba. Ran da ya ɓalle, ko tukunya ba za a tsinta a Tungar Goriba ba. Sun ce mu tashi. Ni kuwa mijina yana kwance bayan waccan goribar, da 'ya'yana biyu kusa da shi. In tashi in je ina?"

Na tambaye ta ko an taɓa gaya wa mutanen birnin. Ta ce an aika manzanni ba sau ɗaya ba, amma a ƙofa ake tsayar da su, domin wanda ya zo da rigar da ya kwana da ita ba a sauraron maganarsa a can. Masu gadi har kunne suke toshewa.

Na ce ni dai ina son in ga tsaunin kusa. Ta ce ita ma tana son ta ga fuskar mai mulkin birnin kafin ruwa ya ci ta. Da safe muka kama hanya. Kafin mu tashi ta kama ni ina gyara gemu da ɗan madubin da nake ajiyewa a gafaka.

"Oho! Ashe ango na samu abokin tafiya. Wa kake wa kwalliya, awakin dutse?"

"Gemu amana ne, Inna."

"Ruwa ma amana ne. Taso mu tafi."

Da muka isa gindin tsaunin sai muka shiga wani tsagi da ruwan da ke tsiyaya ya yanka, mai tsawo kamar rijiyar da aka buɗe ta gefe. A nan na ga abin da ya fi ba ni mamaki a duk tafiyar. Bangon tsagin hawa-hawa yake. Can ƙasa baƙar ƙasa ce mai laushi, ciyawa na tsiro a jikinta. Na sa yatsa na ƙwaƙulo wani abu, sai ga guntun saƙin auduga, ya marmashe a hannuna. Hawan farko siriri ne, bai fi faɗin tafin hannu ba. Na bisansa ya ɗan fi shi kauri, na bisa kuma ya fi. Daga wani wuri sai saƙin ya sauya, ya koma wani yadi mai santsi da sheƙi, wanda na ja da dukkan ƙarfina bai yage ba. Daga nan hawan suka yi ta kumbura, har na ɗaga kai rawanina ya kusa faɗuwa ban ga ƙarshensu ba.

"Inna, dubi nan," na ce. "Abin da kakanni suka zubar a zamani guda, jikoki sun zubar da ninkinsa a damina ɗaya. Ko dai sun ƙaru, ko sun ƙara son ado."

"Duka biyu. Kakata ta ce a da in aka yi kira daga bakin ganuwa duk garin ke ji. Yanzu ka gani da idonka. Za ka tsaya karanta tsumma ne, ko za mu hau?"

Muka fara hawa. Tafiya a kan tufafi ta fi tafiya a yashi wuya, domin kowane taku sai ƙafa ta nutse. Iska na kaɗa hannayen riguna ko'ina, dubbai a kan dubbai, kamar jama'a na yi mana ban kwana. Na ga awakin jeji masu gemu kore da ja saboda abin da suke tauna. Na ga sheƙar tsuntsu da aka gina da zare da maɓallai, ƙwai a ciki. Na so in tsaya in duba ko 'yan tsakin za su fito da launi, Ladingo ta hana.

Wajen tsakiyar hawan na ga wata hula mai wani irin ɗinki da ban taɓa gani ba, na kauce hanya don in ɗauko. Ƙasa ta buɗe da ni. Kafin in yi salati na nutse har ƙirji, ruwa mai sanyi ya kama ni daga ƙasa, tsummoki suka naɗe mini ƙafafu suna ja. Ladingo ba ta yi ihu ba. Ta tsinci zannuwa ta ƙulla su baki da baki irin ƙullin masunta, ta ɗaura gefe ɗaya a wani kututture da ya leƙo daga tarin, ta jefo mini ɗayan. Da kyar na fito, takalmina ɗaya ya zauna can.

"Hular fa?" ta ce. "Ko a koma a ɗauko maka?"

Amma dariyarta ba ta daɗe ba, domin ta ga abin da na gani. Tarin ya jiƙe har cikinsa, ruwan ya riga ya hau fiye da yadda dattawa suka zata.

Daga ƙololuwa muka hangi bayan tsaunin. Tafki ne shimfiɗe iyakar ganin ido, kawunan itatuwa na leƙowa daga cikinsa, kumfa mai launi na kewaye bakinsa. Duwatsun da ke gefe kuwa tsirara suke, ko ƙirare babu. Ganuwar birnin tana daf da mu, tarin ya kusa taɓa ta, amma a wannan ɓangare babu ƙofa, babu taga ko ɗaya. Wannan ya tsaya mini a rai.

A nan dabara ta zo mini, na kuma ɗauka mai kyau ce. Kayan da ke saman tarin sababbi ne ƙal, jiya aka jefo su. Na ce mu sa su mu shiga kamar 'yan gari. Na zaɓi jar riga na ɗora a kan tsohuwar rigata, Ladingo ta ɗaura jan zane da mayafi, tana cewa rabonta da sabon yadi tun aurenta. Muka kewaya ta gabas inda ƙofa take.

Ko sallama ba mu gama ba wani dogon mai gadi ya yi tsalle baya. Shi da duk wanda ke wurin kore suke sanye da shi.

"Mutanen jiya! Jama'a ku ja baya, ga mutanen jiya!"

Ashe kowace rana da launinta da ɗinkinta. Ya ɗaga gefen jar rigar da doguwar sanda don kada ya taɓa ni, sai ya ga tawa a ƙasa, mai faci a kan faci.

"Tsoho, wannan kwananta nawa a jikinka?"

"Ɗana, ta girmi gemunka."

Sanda ta kusa faɗuwa daga hannunsa. Ya ce wannan ya fi ƙarfin kora, sai an kai mu gaban Magajiya, mai mulkin birnin. Haka dabarata ta lalace, lalacewarta kuma ta shigar da mu inda manzanni suka kasa shiga.

Ya tasa mu gaba da sanda. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka ba. Gida a kan gida, ɗaki a kan ɗaki, titi cike har kafaɗa na gogar kafaɗa, kowa kore. Masaƙa na ƙara ta kowace kusurwa, ruwan marina na kwarara cikin magudanai, madubai a kowane bango. Ko da yake kamamme nake, bakina bai iya shiru ba.

"Ɗana, wannan zare mai sheƙi daga wace shuka yake?"

"Ba shuka ba ce. Wani baƙin mai ne ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, a dafa shi, a ja shi. Auduga ta daina isarmu tun zamanin kakana. Kai fursuna ne, ka daina tambaya."

"Da me ake dafa shi?"

"Da itace mana."

"Shi ya sa duwatsunku suka yi sanƙo. To me ya sa ba ku maimaita riga?"

Ya dube ni da tausayi, kamar mai yi wa yaro bayani. Ya ce riga tana shan baƙin cikin yini, da gajiya, da maganar da aka faɗa maka mai zafi. In ka sake sa ta, ka sake sa jiya ke nan. Shi ya sa da faɗuwar rana kowa ke sa sababbin kaya, ya ɗauki na yini ya hau ganuwar yamma, ya juya wa kwari baya, ya jefa ta bisa kafaɗa. Ba a waiwaye. Wanda ya waiwaya, abin da ya jefar zai gane fuskarsa ya biyo shi gida.

"To ina kayan suke zuwa?"

"Kwarin ba shi da ƙarshe. Kowa ya san wannan."

Ladingo ta buɗe baki, na taka mata ƙafa da ƙafata marar takalmi.

Rana ta yi ja lokacin da aka hau da mu ganuwar yamma. Jama'a sun jeru iyakar tsawonta, yanzu kowa cikin ruwan ɗorawa, launin sabuwar rana, ƙunshin koren kaya a hannu, kowa ya ba kwari baya. Magajiya na tsakiya. Sunanta ya ɓace mini, amma ina ganin fuskarta har yanzu: doguwar mace mai natsuwa, da ɗaurin ɗankwali mai hawa kamar hasumiya, wanda ta yi ta taɓawa da yatsa domin sabon ɗauri ne. Aka tsayar da mu a gabanta, mu kaɗai ke fuskantar kwarin.

"Ranki ya daɗe," in ji Ladingo, "ni daga Tungar Goriba nake, ƙasan kwarin nan. Kayanku sun toshe mana kogi."

Magajiya ba ta yi fushi ba. Ta yi magana da mai gadi, ba da mu ba. "Ka gani? Haka jiya ke yi wa mutum in ya daɗe a cikinta. Kwarin da ba shi da ƙarshe, wai yana da ƙasa har da ƙauye. Ba laifinsu ba ne. Kayan jiya ne su, a jefa su tare da kayan jiya."

"To, ko ba komai za mu faɗa kan laushi," Ladingo ta ce mini ƙasa-ƙasa. Amma na san ba faɗuwar take tsoro ba. Can gabas hadari ya fara haɗuwa.

Na lura da abu ɗaya. A duk birnin nan mai madubi a kowane lungu, babu ko ɗaya a kan wannan ganuwa. Na taɓa gafakata, na dubi Ladingo, na dubi ɗankwalin. Tsohuwar nan ba ta buƙaci ƙari ba.

"Ranki ya daɗe, a jefa mu, ba komai. Amma ni mace ce, ba zan tafi da wannan a ciki ba. Wa ya yi miki ɗaurin nan? Ya karkace ta hagu. Duk sun gani, tsoro ya hana su faɗa."

Hannun Magajiya ya tashi zuwa kanta. "Ƙarya kike."

"To shi ke nan. Ki wuni da shi haka gobe."

Magajiya ta dubi matan da ke gefenta, suka sunkuyar da kai, wanda ya ƙara ɓata lamarin. Na fito da ɗan madubina na miƙa da hannu biyu. "Ga shi, ranki ya daɗe. Tsoho ne, amma ba ya ƙarya."

Ba ta yarda ta taɓa shi ba, don haka ni na riƙe mata. Ta duba ɗaurin, ta ga lafiyarsa lau. Kafin ta ɗauke ido na ɗaga madubin sama kaɗan, na karkata shi.

Na ga lokacin da idonta ya bar fuskarta ya wuce bayan kafaɗarta. A cikin ɗan gilashin nan da bai fi tafin hannu ba akwai tarin da ya kusa kai ƙafarta, da tafkin da ke lasar gindin dutsen da birninta ke kai.

"Waccan jar," ta ce a hankali, "mai zaren azurfa a wuya. Tawa ce. Jiya na jefa ta."

"Tana nan, ranki ya daɗe," na ce. "Ta shekaranjiya na ƙarƙashinta. Ta kakarki ma tana nan, na ratsa ta gefenta da safe."

Sai ta juya. Jama'a suka yi wata irin ajiyar zuciya da na ji ta a tafin ƙafata. Wasu suka rufe ido, wata mata ta faɗi. Magajiya ta tsaya tana kallon kwarin, ƙunshin koren kayanta a hannu, ba ta jefa ba. Daga nan mai gadinmu ya waiwaya da ido ɗaya, ya ce, "Kai!" Bayansa wani, bayansa wata, har juyawar ta bi ganuwar kamar iska a gonar gero.

"Iya," Magajiya ta ce wa Ladingo, karo na farko da ta dube ta, "ƙauyen naku ta ina yake?"

Ladingo ta nuna kudu, inda hayaƙin girki ke tashi siriri. "Ɗaurinki daidai yake, 'yata. Ƙarya na yi."

Yadda aka shirya aikin ya ɓace mini, ban san wa ya ce a fara ta ina ba. Abin da na riƙe shi ne washegari birnin ya fito. Yawan da ya tara tsaunin shi ya koma hannuwan kwashe shi. Suka jeru daga tarin har bayan dutse suna miƙa wa juna ƙunshi, da yawa sun ɗaure hanci, wasu suna kuka in suka gane rigarsu. Aka yanka hanya ta gefen tarin don ruwan ya fita a hankali. Na tambayi Magajiya inda za a kai abin da aka kwashe, ta ce a fili za a tara shi tukuna. Na ce daga nan fa? Ta ce, "Malam, jiya-jiya na fara waiwaye. Ka bar ni in numfasa."

Ruwan farko ya sauka ba a gama ba. Tafkin ya cika, ya sami hanyar da aka yanka, ya bi ta da ƙara kamar aradu. Ni da Ladingo muna kan dutse muna kallo, ta riƙe hannun rigata har facin ya ɓalle. Ruwan ya ci gonakin bakin kogi, ya tafi da rumfunan banda da kwale-kwalen da ba a ɗaure ba. Ya zo gindin goribar ya tsaya. Gidajen suna nan, kaburburan suna nan. Ladingo ta saki rigata ta ce, "Kawo in ɗinke maka, kada a ce ango ya koma gida da yage."

Kafin in bar ƙasar na ga ta tara matan birni a bakin kogi tana nuna musu wanki, suna ta dariya suna cewa wai riga ake yi wa wanka kamar jariri. Ko sun bar al'adarsu, ko sun rage, ko sun sami wani kwarin, ban sani ba. Wataƙila an gaya mini na manta.

Da tsufa ya zaunar da ni, har na fara shakkar ko mafarki na yi. Sai bara wani falke ya sauka a unguwarmu da bandar kifi, an ɗaure kowane kwando da irin ƙullin da aka ciro ni da shi daga rami. Na tambaye shi daga ina, ban faɗa masa sunan ko'ina ba. Ya ce daga wata tunga mai goriba, can bayan teku, kifi ya dawo musu har suna sayarwa. Na sayi kifi ɗaya, na kai gida na fasa shi da hannuna. A cikinsa na sami ɗan zare ja mai sheƙi, naɗe kamar tsutsa. Wutar banda ba ta cinye shi ba, na ja shi bai tsinke ba. Yana nan cikin gafakata, kusa da madubin.